Sau Uku Aka Buɗe Injin Babur Ɗina Kafin a Tambayi Boris Abin da Ya Kashe Shi

Uwargida ce ta fara ji. Ni da na yi shekara da shekaru a kan babur ban ji ba, yaron da ke hawansa kullum shi ma bai ji ba, ko kuma ya ji ya yi shiru. Ita da ba ta taɓa riƙe kan babur ba, tana tsakar gida tana tankaɗe, sai ta ce da ni: "Alhaji, muryar mashin ɗin nan ta canza fa. Da, tun daga kwana nake gane shi ne. Yanzu sai ka ce injin niƙa ke tahowa." Na ce ta ji da tuwonta. Wannan amsa tawa ta ci mini kuɗin da ya fi na buhun masara uku, ta kusa ɓata tsakanina da ɗana, ta kuma sa na ci mutuncin wanda bai yi mini komai ba.

Shekarata 26 ke nan a Tamale. Sana'ata sayen masara da gyaɗa da ƙwarar kaɗe a kasuwannin ƙauye, su Kumbungu, Tolon, Sabelugu, wani lokacin har Karaga da Gushegu, in tara in kawo Aboabo. Wanda ya san ƙasar Dagwamba ya san kasuwanninsu kwana shida-shida suke ci. In ka rasa ta yau, matar da ta ajiye maka kwano 40 na gyaɗa ba za ta koma da ita gida ba, wani za ta sayar wa. Don haka babur shi ne jakin gidana, kuma tun da gwiwa ta fara yi mini gardama, ɗana na biyu ne ke hawansa.

Babur ɗin ɗan China ne, 125, irin wanda aka kwaikwayo daga Honda CG125. Ɗan kabu-kabun Maraɗi, da ɗan zemijan na Paraku, da mai kalando a Njamena, da yawansu in ka rufe sunan da ke jikin tanki, injin da ke ƙasa ɗan gidan nan ne ko ɗan'uwansa. Honda ta fito da shi a 1975, bayan injiniyoyinta sun zagaya wasu ƙasashen Asiya sun ga yadda talaka ke yi da babur: lodi ya wuce ƙima, baƙin mai kuwa ba a canza shi sai ya koma kamar kwalta. Sai suka ƙera inji mai haƙuri da wulaƙanci. To haƙurin nan ne ke ruɗinmu, muna ganin tunda bai yi ƙorafi ba lafiyarsa lau.

Bari in ɗan faɗi abin da ke ciki, don iyayen gida da yaran da ke karatun nan su biyo mu. Fistin yana hawa da sauka a cikin silinda. Akwai wani hannun ƙarfe da makanikai ke kira konrod, shi ya haɗa fistin da karanshaf, wato ƙarfen da ke mayar da hawa da saukar nan su zama juyawa. Karanshaf yana zaune a kan manyan boris biyu masu ƙwallaye, ɗaya dama ɗaya hagu. 'Yan'uwanmu na ƙasashen Faransanci rulma suke ce wa boris. A gindin konrod kuma akwai na uku, wanda maimakon ƙwallaye yake da 'yan sandunan ƙarfe sirara kamar allurai, jere a cikin keji. In yaro ya ja totur a kan kwalta, karanshaf na iya juyawa sau 6,000 a minti, wato sau 100 a daƙiƙa ɗaya. Duk wannan aikin, abin da ke hana ƙarfe cin ƙarfe shi ne baƙin mai da bai wuce lita ɗaya ba, kuma man nan shi ne dai ke wanke kuloci da giya.

Bayan mako biyu da maganar uwargida ni ma na ji. Gurnani ne daga ƙasa, kamar ana jan turmi a kan daɓe, yana ƙaruwa in an ja totur, har kana jin sa a tafin ƙafa. Na sa yaron ya kai wa wani matashin bakanike a bakin hanyarmu. Bai yi minti biyu yana saurare ba ya ce fistin da ringi ne. Aka saya, aka sa, aka zuba mai mai kauri. Kwana uku ƙarar ta lafa, rana ta huɗu ta dawo.

Ban ce macuci ne ba. Fistin shi ya fi sauƙin kaiwa, a cire kai, a cire silinda, ba sai an sauke inji ba. Kuma kusan kowane tsohon babur ka buɗe za ka tarar fistinsa ya ɗan ci, sai bakanike ya nuna maka ya ce ga cutar nan. Abin da bai yi ba shi ne rarrabe ƙara, alhali kowace cuta da irin kukanta. Fistin da ya yi sako-sako yana ƙwanƙwasawa da safe inji na sanyi, in ya ɗau zafi ƙarfe ya buɗe sai ƙarar ta ragu. Tafet can sama yake, cak-cak-cak kamar keken ɗinki. Boris ɗin gindin konrod bugu yake yi mai nauyi, kamar ana buga guduma a cikin rufaffiyar tukunya, kuma ya fi fitowa in mai ya yi zafi ya tsinke, ko in an fizgi totur an saki. Manyan boris na karanshaf su ne masu gurnani. Na giya kuma bai da wuyar kamawa: babur na kaɗawa a firi, ka matse kuloci, in ƙarar ta ɗauke ko ta canza to ka nemi cutar a wajen kuloci da giya, domin karanshaf bai daina juyawa ba. Dogon sukudireba ya ishe ka awo. Ka ɗora tsininsa a jikin inji, ƙotar a kunne, kana matsawa daga sama zuwa ƙasa, dama da hagu, har inda ƙarar ta fi ƙarfi.

Akwai kuma gwaji biyu da ba a biyan ko kwabo, kuma ba wanda ya yi mini su. Na farko, a juye baƙin mai a wankakken kwano a fita da shi rana. In yana ƙyalli kamar an barbaɗa kwalli, ƙarfe na cin ƙarfe a ciki. A tsoma maganaɗisu: abin da ya manne baƙin ƙarfe ne, daga boris ko giya ya fito, wanda ya ƙi mannewa kuma yake fari alminiyam ne, na fistin ko jikin inji. Na biyu, a cire murfin hagu, a kama maganeto da hannu biyu a girgiza sama da ƙasa. Bai kamata ya motsa ko kaɗan ba. In ka ji ƙas-ƙas, ka fara duba notinsa, don notin da ya kwance yana kwaikwayon bugun konrod har a sauke inji a banza. In noti a ɗaure yake tam, to boris ne.

Bakanike na biyu ya fi na farko shekaru, kuma shi kam ya gane, ya ce manyan boris ne. Ya sauke inji ya raba shi biyu. Na je da kaina na sayo boris biyu wurin wani ɗan zangonmu mai shagon kayan babur, mutumin da muka yi shekara 15 muna gaisawa. Na miƙa na tafi harkata. Da yamma an haɗa. Na ji wani ɗan siririn kuka ya rage, ya ce ai sabunta ce, zai zauna.

Kwana 19 ya yi. Yaron na dawowa daga Karaga da buhun gyaɗa biyu, rana ta kusa faɗuwa, inji ya fara bugu, kafin ya sami inda zai raɓe ya buga gaba ɗaya. Ya tura shi har wani ƙauye ya kwana a can, waya ba caji. Uwarsa ba ta runtsa ba. Washegari sai da na ɗauki hayar Motor King ta kwaso shi da babur da gyaɗa, kuma kasuwa biyu suka ci ba mu.

Ranar na yi faɗa, ta inda nake shiga ba ta nan nake fita ba. Na ce wa yaron tuƙin hauka yake yi, har na yi masa habaicin ko kuɗin baƙin mai ma aljihunsa yake shiga. Bai tanka ba. Daga nan na wuce shagon mai kayan babur, a gaban mutane na ce jabu ya sayar mini. Abin da ya ce kawai: "Alhaji, kawo boris ɗin mu gani." Ban ko saurare shi ba.

Wani maƙwabcina direba ne ya kai ni wurin wani dattijo mutumin Bawku, wanda ya koyi aiki a Magazin ta Suwame a Kumasi, can inda in ƙarfe ne to an san maganinsa. Kowa Masta yake ce masa. Sharaɗi biyu ya gindaya mini. Zan zauna a wurin har a gama, ni da mai hawan babur ɗin, kuma zan kawo duk abin da aka taɓa cirewa daga injin, har tsofaffin boris na farko. Nan fa ake yin ta. Ashe autan gidana, ɗan shekara 9, ya tsince su ya ɓoye a gwangwanin Milo, yana jiran ya haɗa huɗu ya yi kurar wasa. Sai da na yi masa alkawarin za a dawo masa da su, kuma duk da haka ya biyo mu don ya sa ido a kan dukiyarsa.

Masta ya shimfiɗa farin buhu, ya wanke komai da kananzir, ya jera. Wani yaron shagonsa ya ɗauki boris ɗaya ya zura yatsa ya wulwula shi don mu ji kuka, Masta ya buge masa hannu. Ya ce wannan wasan yara ne. Busasshen boris ko sabo ne sai ya yi kuka in an wulwula shi, mataccen kuma in ka cika shi da mai mai kauri sai ya yi shiru. Yadda ake yi, a wanke, a ɗiga mai ɗigo biyu, a danne zoben ciki da babban yatsa, a juya a hankali kamar mai ƙirga kuɗi. Lafiyayye santsi za ka ji daga farko har ƙarshe. In ka ji kamar tsakuwa a shinkafa, ko yana tsayawa yana wucewa, ya tafi.

Amma ya ce sanin ya mutu ba shi ne aikin ba, wannan ko auta ya sani. Ya sa tabarau, ya kunna fitilar waya, ya leƙa kwarin da ƙwallayen ke bi. Da so samu ne a fasa keji a raba zobban a gani sosai, amma mai kaya na tsaye, aka haƙura.

A tsofaffin biyun akwai tabo baƙi-baƙi mai ja, an jera su daidai tazarar da ke tsakanin ƙwallo da ƙwallo, wasu har sun fara zama ramuka. Masta ya ɗago ya ce: "Alhaji, yaushe babur ɗin nan ya shiga kogi?" Na ce bai taɓa ba. Ya ce: "Ya shiga. Kuma bayan ya sha ruwan an ajiye shi ya daɗe ba a tayar ba. Inda kowane ƙwallo ya tsaya, nan tsatsa ta zauna." Bai dubi yaron ba, amma yaron ya sha jinin jikinsa. Can ya ce: "Baba, ƙarshen watan Agusta ne, wajen Nawuni." Lokacin ke nan da ake buɗe dam ɗin Bagre na Burkina Faso, kogin Bolta ya cika ya hau hanyoyin ƙauye. Ya shiga yana zaton ruwan bai kai ba, inji ya mutu a tsakiya. Ya turo shi waje, ya cire fulogi, ya yi ta buga kik har ruwa ya fita, ya tayar ya iso gida. Washegari ni kuma na tafi biki Kano, na kulle babur a zaure na tafi da makulli, mako uku, wai don kada ya yi yawo da shi. Da na dawo ya duba mai ya gan shi kamar shayi da madara, ya canza da kuɗinsa, ya ji tsoron gaya mini.

Jikina ya yi sanyi. Masta ya ce da a ranar aka juye man, aka zuba sabo, aka bar inji ya yi zafi sosai, aka sake juyewa sau biyu ko uku har mai ya fito da kalarsa, da wataƙila ba a kai ga buɗe inji ba. Kuɗin lita uku na mai ke nan. Tsatsar ta ci ƙarfen ne a cikin makon ukun da makulli ke aljihuna a Kano, kuma na san dalilin da ya sa yaron ya gwammace ya yi shiru.

Sai ya ɗauki sababbin biyun, masu kwana 19. Fes suke, ba tsatsa, ba ƙuna. Amma a gefen kwarin akwai 'yan lotsattsun wurare ƙanana masu sheƙi, su ma a jere daidai tazarar ƙwallaye, a fuskar zoben waje kuma ga sawun ƙarfen da aka ɗora aka buga. Ya ce wannan aikin guduma ne. A irin injin nan zoben ciki shi ke kama karanshaf tam. In bakanike ya bugi zoben waje don ya tura boris ciki, ƙarfin dukan ta kan ƙwallayen zai bi kafin ya isa zoben ciki, kowane ƙwallo ya buga tambarinsa a hanyarsa. Daga ranar, duk juyi sai sun faɗa waɗannan ramukan. Kukan da aka ce mini sabunta ce, wannan ne. Na tambaye shi ko jabu ne. Ya ce: "Ko daga Japan ka ɗauko shi da hannunka, in an yi masa wannan dukan ya mutu kafin a zuba mai." Na tuna abin da na faɗa a shagon mutane, na sunkuyar da kai.

Duk da haka ba su ne suka tsayar da babur a hanyar Karaga ba. Gindin konrod ne. Ƙarfen ya koma shuɗi da baƙi kamar wuƙar da aka manta a murhu, alluran sun baje, keji ya farfashe. Wannan launi zafi ne, zafi kuwa rashin mai ne. A nan ne na ga bambancin bakanike da mai canza kaya, domin Masta bai tsaya a kan konrod ba, sai ya bi hanyar man da baya, kamar mai bin sawun ɓarawo.

Yawancin ƙananan injinan nan ba su da matatar takarda irin ta mota. Akwai 'yar rariya a ƙasa mai tare manyan tarkace, sai kuma wani kofin ƙarfe a bakin karanshaf ta dama, a ƙarƙashin murfin kuloci. Famfo na turo mai ta cikin murfin, ya shiga kofin, kofin na juyawa da gudun inji, datti mai nauyi ya watsu ya manne a bangonsa, tataccen mai ya wuce ta wani rami a cikin karanshaf har gindin konrod. Dabara ce mai kyau, sai dai kofin ba ya zubar da abin da ya tara, sai an buɗe an kankare. Da Masta ya kwance 'yan sukurorin murfinsa, abin da muka gani kamar yumɓun tukunya ne, toka-toka, ya daskare har sai da sukudireba. Garin kuloci na shekaru, da tsatsa da ɓarɓashin boris na farko, duk suna nan. Makanikai biyu sun yi aiki a injin, na biyun ma sai da ya cire kofin kafin ya raba inji, ya mayar da shi yadda yake. Sannan a ramin mai na jikin murfi ya zaro wani jan zare kamar tsutsa. Gam ne, irin wanda ake matsawa maimakon a sayi sabon gasket. An lafta shi da yawa, da aka ɗaure murfi ya tsartu ciki ya toshe rabin hanya.

Masta yana da wani tsohon kwano da yake tara matattun boris don koyar da yaransa, ya zazzage mana. Akwai wanda kwarinsa ya dushe, ba sheƙi, kamar an goge da yashi, kuma ya yi lako-lako: ƙura ce, irin ta hunturu da jar ƙasar hanyoyinmu, da ke shiga ta yagaggen soson iska ko ta mazurarin da ake zuba mai da shi a bakin hanya. Akwai wanda sawun ƙwallayen ya karkace, ta nan yana gefen dama ta can yana gefen hagu: ko an sa shi a karkace, ko karanshaf ɗin ya lanƙwashe. Akwai wanda bayan zoben wajensa ke sheƙi kamar madubi, alamar yana juyawa a mazauninsa maimakon ya zauna daram. Wannan ya ce shi ya fi tsada, don jikin inji ne ya ci. Masu gaggawa sukan sassare mazaunin da tsinin ƙarfe ko su cusa yankin gwangwani, ya riƙe wata ɗaya ko biyu. Gyaran gaskiya sai wurin masu injin sassaƙa ƙarfe su sa masa zobe, ko a canza wannan ɓarin.

Ya kuma nuna mini yadda ake gwada gindin konrod tun bai kai ga ƙonewa ba, kuma wannan ko fistin kawai aka cire ana iya yi, wato da bakaniken farko ya so da ya duba. A juya karanshaf konrod ya zo can sama, a wanke man da ke wurin don mai na ɓoye motsi, a kama konrod a ja shi sama a danna ƙasa a miƙe. Motsin gefe da gefe kaɗan dole ne, haka aka ƙera shi, kuma shi ke ruɗin mutane. Na sama da ƙasa ne ba a so. Littattafan gyara na ƙananan injinan Honda sun sa iyakarsa a milimita 0.05, abin da bai kai kaurin gashin kai da yawa ba. Ma'ana, in har hannunka ya ji shi, ya riga ya wuce. Injin da ya sha ruwa kuma a duba ko konrod ya lanƙwashe, domin ruwa ba ya matsuwa kamar iska, in fistin ya taho ya same shi wani abu sai ya ba da kai.

Karanshaf na irin waɗannan babura guntaye ne aka matse wuri ɗaya. Ana iya raba shi da injin matsi, a sa sabon konrod da fil da allurai, a sake matsewa, sannan a ɗora a kan ma'auni mai allura kamar agogo, ana juyawa ana bugawa da gudumar tagulla har ɓangarorin biyu su daidaita. In garinku akwai mai wannan ma'aunin, gyara ya fi araha. In da ido zai daidaita, gara ka sayi karanshaf sukutum, don karkatacce zai cinye sababbin boris kamar gyaɗa. Ni sabo na saya, kuma Masta bai yarda da shi ba sai da ya gwada konrod ɗinsa da boris ɗin da suka zo a jiki a kan kantar mai shago.

Kan sayen boris, ɗan abin da na koya ga shi. Lambar da ke jikin zobe ita ce sunansa. A irin su 6204 ko 6304, ka ninka lambobi biyun ƙarshe sau biyar ka sami faɗin ramin, wato milimita 20. 6205 kuma 25. Ƙananan ne suka saɓa: 01 milimita 12 ne, 02 kuma 15, 03 kuwa 17. In ka ga C3 a bayan lamba, an bar wa ƙwallayen ɗan sarari fiye da na kullum saboda zafi da matsi, don haka in wanda ka cire C3 ne, C3 za ka mayar. Mai 2RS rufaffe ne da roba gefe biyu, da giris ɗinsa a ciki, irin na ƙafa ke nan. Wanda zai zauna a kan karanshaf buɗaɗɗe ake so don mai ya ratsa shi. Jabu kuwa akwai shi, ba musu. Manyan sunaye irin SKF, NTN, NSK da Koyo su aka fi kwaikwaya, har kwali. In farashin ya yi daɗi da yawa, ka tuna araha ba ta ado. Amma kafin ka je ka tsaya a ƙofar shagon mutum kana ɗaga murya, ka leƙa cikin boris ɗin tukuna.

Haɗawar ta ɗauki yini guda, rabinsa wanki ne. Kowane ramin mai sai da aka zura masa waya aka hura. Rariya, kofi, famfo, duk aka buɗe. Wani boris na giya da ya ga bai gamsu da shi ba, ya ɗora ɓarin injin a kan garwashi kaɗan har ɗigon ruwa ya fara tsalle a kai, sai tsohon ya faɗo da kansa, sabon ya zame ciki ba duka. Alminiyam yana buɗewa da zafi kusan ninki biyu na baƙin ƙarfe, shi ne sirrin. In kuma a kan sanda za a sa boris, shi ake ɗumamawa a cikin mai, kada dai ya wuce digiri 120, kuma in dole sai an taɓa shi da guduma, a sa bututu a kan zoben da ke shiga da ƙarfi, shi kaɗai. Gasket sababbi aka sa, gam ɗin ko buɗe shi ba a yi ba. Da aka tayar, bai bar kowa ya hau ba sai da ya buɗe murfin sama muka ga mai ya iso kan tafet da idonmu.

Ya ce a yi mako biyu ba lodi mai nauyi, ba gudu, sannan a juye mai a duba shi a rana. Mun yi, ya fito ba ƙyalli. Yanzu duk kilomita 1,000 muke canzawa, da hunturu ma ba ma bari ya kai, kuma na ce wa yaron duk ranar da ruwa ya kai gindin inji ya faɗa mini tun bai cire takalmi ba, ba zan yi faɗa ba. Uwarsa ta ce za ta ga ranar.

Washegarin gama aikin na je shagon mai kayan babur da boris ɗinsa biyu a aljihu, na jira sai da mutane suka taru kamar na ranar, na nuna masa sawun gudumar, na ba shi haƙuri. Ya juya su a hannu, ya ce ba komai, ya aika a kawo shayi, sannan ya tambaya ko zan bar masa su ya riƙa nuna wa makanikai. Na ce ina, suna da mai su. Auta ya haɗa huɗunsa cif, kuma kurar na nan tana gurnani a tsakar gida tun daga asuba.